Bos a Gonar Iya Laure

Gwadabe tela ne a Unguwar Hajji, amma duk Ƙaraye ba wanda ya san shi da ɗinki. Da ban dariya aka san shi. Shekara bakwai yana cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin, kullum shi ne baƙauye, shi ne mai gadin da barci ke sacewa. Har ta kai ko gaisuwar mutuwa ya je sai ka ga samari sun sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa, shi kuwa bawan Allah ko tari bai yi ba.

To, lokacin da kaset ɗin fim ɗin Hausa ya fara shigowa gari, sai Ɗayyabu, malamin firamare kuma shugaban ƙungiyar, ya ce su ma za su yi nasu, na faɗa da guje-guje. Labarin ba wuya: wani mugun bos zai ƙwace wa wata tsohuwa injin ban ruwa, ɗanta ya bi shi a babur ya ƙwato. Kafin ya rufe baki Gwadabe ya miƙe ya ce shi ne bos.

Sai da aka yi minti biyar ana dariya.

"Kun gani ko?" in ji Gwadabe, idonsa ya yi ja. "Ni ma ɗan Adam ne, Malam. Sau ɗaya dai a rayuwata ina so in shigo wuri a yi tsit."

Ɗayyabu ya share hawaye ya ce, "Na ji. Amma ka sani, yini ɗaya za a kawo mana kyamara daga Kano, ana la'asar mai ita zai koma. Kuma duk abin da ta ji ɗauka take, ko kukan akuya ne. In aka yi maka dariya sau uku, ka tuɓe rigar bos ka ba Halliru." Halliru makanike ne, ƙato, ga shi ba ya fara'a.

Sati biyu Gwadabe bai ɗinka wa kowa ko aljihu ba. Ya ɗinka wa kansa baƙar kwat har gwiwa, ya ari tabarau, yana tsayawa gaban madubin shago yana haɗa gira har kansa ya yi ciwo.

Ran Asabar suka cika akori-kura suka nufi Zoza, ƙasar Rogo, gonar Iya Laure, kakar Gwadabe ta wajen uwa. Ita ce ungozomar wajen, kuma ta ba da gona da inji bisa sharaɗi ɗaya: ita za ta fito a tsohuwar. Mai kyamara, Abdulsalami, ɗan birni mai ƙananan kaya, bai san kowa ba, agogonsa kawai yake dubawa.

Kafin a kafa komai, labari ya kai har Ruwan Bago cewa Gwadabe ya zo. Mutane suka bar aiki suka yo dafifi, wasu a kan bishiya, bakin kowa a buɗe tun ba a fara ba.

Fitowar farko, bos zai sauko daga babur ya cire tabarau. Ɗayyabu ya ce a fara. Gwadabe ya sauko a hankali, ya ɗaure fuska tamau, ya kai hannu ga tabarau. Wani daga kan mangwaro ya ce, "Wayyo cikina!" Shi ke nan, gona ta ɗauka da dariya. Aka sake. Karo na biyu bai ma sauko ba, gira kawai ya haɗa, wata mata ta zauna daɓas a kunya tana riƙe da ciki. Na uku kuwa jarumin fim ɗin da kansa ne ya fara.

Gwadabe ya tuɓe kwat ya miƙa wa Halliru, ya koma gindin mangwaro daga shi sai singileti.

Halliru ya sauko daga babur, wuri ya yi tsit. Abin da Gwadabe ya kwana goma sha huɗu yana nema, wani ya samu ba ko gumi.

Aka zo wajen ƙwace inji. Iya Laure ta zauna a kan tabarma kusa da injinta, ga kwandonta a gefe, ta gyara mayafi. Halliru ya taho da bindigar katako, taku ɗai-ɗai, yana isowa gabanta sai ƙafafunsa suka yi abin da suka saba: ya zare takalmi ya durƙusa.

"Ina wuni, Iya?"

"Kat!" Ɗayyabu ya dafe kai. "Halliru, fashi ka zo yi!"

Aka sake. Wannan karon bai durƙusa ba, amma ya kasa ɗaga ido. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Iya, don Allah ki yi haƙuri, zan ɗan ɗauki injin nan."

"Ɗauki mana, ɗan albarka," in ji Iya Laure. "Allah ya yi maka albarka."

"Ba haka ba ne! Tsawa za ka daka mata!"

"Malam, wallahi ba zan iya ba. Sa'ar kakata ce. Ka ba ni ƙarti goma in dake su."

Batirin kyamara ya mutu. Abdulsalami ya yi tsaki ya tafi mota ɗauko na biyu, yana cewa shi ne na ƙarshe.

Yana ba da baya Iya Laure ta ce, "Ku kuna wahalar da yaron kirki. Ina mijin nawa? Ku ba ni wancan marar kunyar, tun yana rarrafe yake zagina."

Ɗayyabu ya dubi Gwadabe, ya dubi taron. "Iya, dariya za su yi."

Tsohuwa ta miƙe ta juya ga jama'a, ta riƙe ƙugu. "Rabinku ni na yanke muku cibiya. Duk wanda na ga haƙoransa, yau sai na faɗa wa duniya yadda ya zo da abin da uwarsa ta ce a kan gwiwa. Sulle, da kai zan fara, sauko ka ji."

Sulle na kan mangwaro ya cusa hula a baki.

Abdulsalami ya dawo ya tarar kwat ta koma jikin mai ita. Ya ɗora kyamara a kafaɗa. Gwadabe ya taho. Bai ma tuna da girar da ya yi sati biyu yana koya ba, kakarsa kawai ya gani zaune, sai baki ya buɗe da kansa.

"Ke tsohuwa mai ran ƙarfe! Har yanzu kina nan? Sa'o'inki duk sun tafi, ke kin tsaya kina cinye wa yara tuwo. Tashi daga kan injina!"

"Injin marayu ne, azzalumi! Allah ya isa!"

"Marayu? Haƙori nawa ya rage miki da za ki ci abin da aka noma?"

Ya sa ƙafa ya ture kwandonta, ya kama bakin mayafinta ya kwance ƙullin, ya ɗauke goron da ke ciki ya ɓantara, yana tauna yana kallonta. Iya Laure ta ɗora hannu a ka ta rusa kuka kamar gaske. Mutum ya fi ɗari a gonar, ba ka jin komai sai ƙarar goro. Fuskoki sun kumbura, hawaye na zuba, amma ba wanda ya yarda ya buɗe baki har Ɗayyabu ya ɗaga hannu.

"Kat!"

Abdulsalami ya ajiye kyamara a kan buhu, ya yo kan Gwadabe ya ci kwalarsa. "Kai wane irin mutum ne? Ba ka da uwa a gida? Wasa aka ce, sai ka ci mutuncin tsohuwa har da ƙwace mata goro? Wallahi tun da nake ɗaukar hoto ban taɓa ganin mugu irinka ba!"

Nan gona ta fashe. Sulle ya faɗo daga bishiya. Iya Laure na birgima a kan tabarma tana cewa a bar mata mijinta kar a yaga masa riga. Ɗayyabu na ta ƙoƙarin yi wa baƙo bayanin jika da kaka ne, dariya ta hana shi kai ƙarshen zance, da ƙyar ya iya cewa, "Kwat taka ce, Gwadabe. Halliru, kai ne yaron bos."

Gwadabe bai ji shi ba. Yana riƙe da hannun Abdulsalami da ke wuyansa, bakinsa har kunne.

"Maigida, don girman Allah," ya ce, "sake faɗa da ƙarfi, na bayan can ba su ji ba."