Ƙusoshin Baba

"Baba, buɗe bakinka mana," in ji Auta, muryarta har ta fara dishewa.

Tsohon ya ƙara datse leɓɓansa. Yana kishingiɗe a kujerar likitar haƙori, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, fitila na haska masa fuska. Likitar ta gwada lallashi, ta gwada wasa, har buɗe nata bakin ta yi ko zai kwaikwaya. Ko gezau.

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba ya daina faɗin inda ke masa ciwo. Auta ce ta lura, don ita ke zaune da shi. Da ya kurɓi shayi sai ya dafe kunci ya ture kofin, burodi kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Cikin 'yan kwanaki wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata safiya yana hamma ta hango baƙin rami a haƙorinsa na tauna. Wannan ne zuwansu na biyu, kuma wancan karon ma haka suka koma, hoto kawai aka samu aka ɗauka ta waje.

Likitar ta sauke ƙyallen hancinta. "Ruɓar ba ta kai jijiya ba tukuna. Yau ciko ne, aikin ɗan lokaci. In muka ƙara jinkiri sai cirewa, kuma a yadda yake ɗin nan sai an sa shi barci gaba ɗaya."

Auta ta dubi Baba. Likitan zuciya ya riga ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa zuciyar Baba ba lallai ta ɗauki wannan barcin ba.

Yaya, babban wansu, yana tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. Shi dai Yaya ba ya zuwa sai an kira shi, amma in ya zo shawara har ta yi yawa.

"Likita, a daina wahalar da kai. Ni in danne kafaɗunsa, nas ta riƙe kan, ki banƙare bakin. Ai ba zai tuna ba."

"Ni zan tuna," in ji Auta.

"To ki zauna kina tunawa yunwa ta kashe shi. Kin ga yadda ya koma kuwa?"

Ta san ba mugunta ba ce, tsoro ne ke cin Yaya, don ko fuskar Baba ya kasa kallo. Duk da haka maganar ta yi mata zafi, kamar ba ita ke bin tsohon da cokali safe da yamma ba.

"Ba na aiki a bakin da aka danne," likitar ta ce. "Injin nan juyawa yake. In ya fizge, harshensa zan yanka. Ku ɗan sarara masa, in duba wanda ke ɗakin can in dawo. In bai yiwu ba, sai mu sa ranar wancan aikin."

Ta fita. Yaya ya ja tsaki ya juya yana kallon bango.

Auta ta zauna a kan 'yar kujerar nas, ta rasa abin da ke mata daɗi. Abin da ya fi ɗaure mata kai, a gida Baba ba ya haka. Yana magana, yana hamma, har faɗa yake mata in ta ɓoye masa takalmi, duk da ya daɗe da daina kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan". Amma da an ɗora shi a kujerar nan sai bakin ya rufe gam.

Sai idonta ya kai kan hannunsa. A gefen kujerar fatar ta yage, an manne wurin da salatif, soso ya leƙo. Babban yatsan Baba na bin yagewar a hankali, yana jawo fatar, yana danne ta, yana matsawa gaba. Ɗaya hannun a dunƙule yake kamar mai riƙe da guduma. Ta dubi bakin da kyau. Leɓɓan sun shige ciki, gefe ɗaya ya ɗan turo.

Ta san wannan bakin. Baba kafintan kujerun kushin ne tun kafin a haife su. In zai ja yadi a jikin kujera, sai ya watsa ƙananan ƙusoshi a baki, yana turo su ɗaya-ɗaya da harshe. Su ne ma suka cinye masa haƙora. Kuma yana da doka: mai ƙusa a baki ba ya amsa ko sallama, tun da wani abokin aikinsa ya haɗiye ɗaya garin dariya. In baƙo ya zo shago, sai dai ya jira Auta ta taho da gudu ta tara hannu, Baba ya zube mata su, sannan a gaisa. Yaya sau ɗaya aka ba shi ya watsar, Baba ya ce hannunsa rariya ne.

Likitar ta dawo tana sa safar hannu. "Ya ake ciki?"

Auta ta miƙe. Ta durƙusa gefen kujerar, ta tara tafin hannunta a ƙarƙashin haɓarsa.

"Baba, ka yi baƙuwa. Kawo in riƙe maka."

"Wai me kike yi haka?" in ji Yaya.

Baba bai kalli fuskarta ba, hannun ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuyo, ya turo harshe, ya tofa abin da babu a tafinta, ya sake, ya sake, har sai da ya lalubi kumatunsa ya tabbatar ba saura. Auta ta dunƙule hannun.

"Sannu da zuwa," Baba ya ce wa likitar. "Kujerar nan taku ta sha jiki."

"Wallahi kuwa, Baba. Bari in duba bakinka, sai ka ci gaba."

Ya buɗe.

Da allurar kashe zafi ta shiga dasashinsa ya ɗan zabura, amma bai rufe ba. Injin ya fara kuka, nas na zuƙe ruwa da ɗan bututu, ƙaurin haƙori ya cika ɗakin. Duk tsawon aikin idon Baba na kan dunƙulen hannun Auta. Sau ɗaya ta sassauta za ta share hawaye, ya yi gurnani, ta yi maza ta damƙe. Likitar ta goge ruɓar, ta cusa farin ciko, ta haska shi da shuɗiyar fitila har ya ƙame, ta sa shi ya ciza, ta ɗan rage tudun. Yaya ya matso ba tare da kowa ya kira shi ba, ya riƙe ƙafar Baba da silifas ɗinta ya faɗi.

"Shi ke nan. In kuncin ya saki, a ba shi abu mai laushi."

Baba ya bi wurin da harshe, ya gyaɗa kai. "An shafe shi sumul."

Daɗi ya kama Auta har ya kai ta ga abin da ta daɗe da hana kanta. Ta matso da fuskarta daidai tasa.

"Baba, wa ya riƙe maka ƙusa?"

Ya dube ta da kyau, cikin ladabi, yadda ake duban baƙon da ya yi wa mutum alheri.

"Allah ya yi miki albarka, yarinya. Amma aikin Auta ne wannan. Ban san inda ta shiga ba, ta daɗe ba ta leƙo ni ba." Ya dafa dunƙulen hannunta. "Kar ki zubar. In ta zo ki ba ta."

Auta ta ƙara damƙe hannun. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ta girgiza masa kai.

"To, Baba. Zan ba ta."

A mota Baba ya ce yunwa yake ji, Yaya ya tsaya ya sayo ayaba da madara. Ya miƙo ledar baya, Auta ta karɓa da hagu. Ya kalle ta ta madubi, ya kalli hannun damanta da ke kan cinya a dunƙule, ya tada mota.