Tarwaɗar da ke Rataye a Zauren Ɗanmusa

Kafin kowa ya farga a ƙasar Bukkuyum, Ɗanmusa Sarkin Ruwa ya riga ya gani. Mutumin da yunwa da agana suka gwada suka bari! Bai san baƙi ba, amma ruwa bai taɓa ɓoye masa komai ba.

Shekarar canjin kuɗi, mutanen Hayatu mahaƙi suka fara dakan dutsen tozali suna wankewa a bakin tafkin gari, garin dutsen yana kwantawa cikin laka. Tarwaɗa kuwa laka ce tuwonta. Zalɓe ya soma tangaɗi a gaɓa. Magen gidan Ɗanmusa mai cin kan kifi ta yi ta juyi har ta mutu.

Ranar su, wato bikin kamun kifi, gari ya taru da homa da gora, ana jiran ya buɗe ruwa. Ya harɗe hannu.

"Ba ni buɗewa. Kihin ga dahi na."

"Tsohon banza!" in ji Hayatu. "Tozalin da Innarka ta sa maka ga ido, shi ad dahi?"

"Ga ido ta sa min, sakarai, ba ta dama min hura da shi ba."

Mai gari ya ce ko ya buɗe, ko ya aje sarauta. Ya warware rawanin ya yar. Aka naɗa ƙanensa Lado, wanda dama ya daɗe yana haɗiyar miyau.

A al'ada, kifin farko na kowane masunci na Sarkin Ruwa ne. Gidan Lado ya koma tarwaɗa safe da maraice. Har ya aiko da ƙyafaffiya guda, wai Yaya ya ɗanɗana dafi.

"Ci ka mutu kai ɗai!" Ɗanmusa ya ƙwala ta kan danga. "Kak ka ba ƙanana!"

Aka yi masa dariya.

Sannu a hankali hannun Lado ya saki, homa ta gagare shi. Autarsa Aishatu ta fara sanƙarewa, kafin kaka aka binne ta.

Gari ya zo ban haƙuri? Ina! Cewa suka yi Ɗanmusa ne ya turo aljanun ruwa don haushin rawani. Ko sallamarsa ba a amsawa.

Bai roƙi kowa ba. Tarwaɗar Lado tana nan rataye a zaurensa, ta yi baƙi ƙirin. Duk mai cewa maita ce ba tozali ba, hanyar tafki ba ƙaya. Ya kamo tasa da hannunsa, ya kawo ɗan cikinsa su ci tare. Ɗanmusa zai ba da gishiri.