Notin Gado na Bakwai

Rahima ta karanta injiniyanci a Maiduguri, amma aikin da ta samu shi ne gyaran kayan wani ƙaramin asibiti a Gashua. Abin da ya fi cin ranta gadaje ne. Masu ciwon ƙoda da jikinsu ya kumbura ba sa iya numfashi a kwance, sai an murɗa hannun gado an ɗaga kan. Notin da ke cikin wannan hannu na roba ne, cikin wata uku yake cinyewa.

A gado na bakwai akwai Malam Abdussalam, manomin albasa. Da notin gadonsa ya lalace, 'ya'yansa suka dinga zama a bayansa bi da bi, yana jingine da su.

Rahima ta auna, ta zana sabon noti a takarda, ta hau mota zuwa Nguru wurin Baba Kyari, wanda ke da injin sassaƙa ƙarfe kusa da tsohuwar tashar jirgi. Ya yi mata na baƙin ƙarfe. Bai lalace ba, amma cikin sati biyar ya cinye haƙoran murɗin sandar da yake hawa. Ta koma. Suka yi na tagulla, ta cika shi da giris. Rairayi ya manne wa giris ɗin, hannun ya ƙi juyawa, har wata nas ta gurɗe wuyan hannu.

Zuwanta na uku ko zanen ba ta fitar ba. Ta zauna a benci, ta ce masa ta gaji, gara asibitin su nemi wani.

Baba Kyari bai lallashe ta ba. Ya tambaye ta ta ina rairayin ke shiga. Ta karɓi fensirinsa, ta ƙara wa notin tsawo, ta zana masa riga ta fata da za ta rufe sandar duka. Wani baduku a kasuwa ya ɗinka.

Ta iso Gashua bayan la'asar, ƙafafunta sun yi tsami. Karima, shugabar nas-nas, ta tare ta a ƙofa.

"Malam ya rasu da safe, Injiniya. Wata mata ce a gadon yanzu."

Rahima ta yi salati a hankali. Ta nemi a ɗan matsar da matar, ta durƙusa a ƙarƙashin gadon ta ɗaura notin. Da ta murɗa, kan gadon ya tashi ba ƙara. Matar ta ja numfashi mai tsawo, ta ce Allah ya yi albarka.

Notin ya shekara bai lalace ba. Sauran gadaje goma sha ɗayan kuwa kowanne da nasa awon, sai da ta yi ta zirga-zirgar Nguru har damina ta fita kafin ta gama da su.