Inda Nalishebo Ta Nutsar da Jirgi

Ruwa ya fara ja da baya a fadama, kuma bana Nalishebo ce za ta yanke shawarar inda kwalekwale zai yi rani. A da wannan ba maganarta ba ce. Mijinta Sikota ne ke tashi wata safiya ya ɗauki igiya da turaku, ya dawo da azahar wando jiƙe sharkaf, ya ce mata an gama. Bana kuwa Sikota yana cikin ƙasa. Tari ya kama shi ambaliya na tsakiyarta, bai ga janyewar ruwan ba.

A wurinmu ba a barin kwalekwale a sarari da rani. Itace guda ne aka fafe, kuma itacen da ya saba da ruwa, in rana ta samu ta zauna a kansa, bushewa yake yi ya dare. Don haka nutsar da shi ake yi. A karkata shi ya sha ruwa, a danne shi da buhunan yashi, tunda dutse ko na jifan kare babu a fadamar nan, a kafa turaku a gicciye a kansa, a bar shi can ƙasa har kogi ya sake cika. Mazan ƙauyen duk a gwiwar kogin Lyambai suke nutsar da nasu, inda ruwa ba ya taɓa ƙafewa. Gwiwar kuma tana ƙasan gidan Mutumba, ƙanin Sikota.

Mutumba ya zo mata tana shanya kifi a kan tabarmar kara.

"Matar Yaya, kin rame. Ko kewata ce?"

"Kewar ragar da ka ɗauka za ka ɗinke dai. Ta ɗinku?"

Ya yi dariya ya ja kujerar Sikota ya zauna. "Ke ba kya mantuwa. Zancen jirgi ne ya kawo ni. Mako mai zuwa za mu nutsar da namu, zan turo a ja na Yaya a haɗa. Ki huta, wannan aikin maza ne."

"In ruwa ya dawo fa?"

"In ruwa ya dawo ai ana tare. Duk inda za ki, ki yi magana a kai ki." Ya juya ya dubi jirgin da ke ɗaure a bakin mashigi, ya daɗe yana dubansa. "Kin san daga dajin babanmu itacen nan ya fito. Ni da shi muka fafe, har yau ga tabon gizago a yatsana."

"Na ji," in ji ta, ta ci gaba da jera kifinta.

Mutumba ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Shi ya haƙa kabarin wansa, shi ya yanka sa aka ciyar da masu zaman makoki. Sai dai abin da ya shiga gidansa ajiya yakan saba da gidan. Raga ta tafi, keke ya tafi, fitilar kamun kifi ta tafi, kowanne da sunan gyara. Nasa jirgin kuwa facin kwano ya fi itacen yawa, kuma ya daɗe yana kallon na wansa, dogo, itacen mukwa ja, irin wanda yanzu ko ka yi tafiyar kwanaki a daji ba za ka samu bishiyarsa ba.

Nalishebo ta san abin da "ki yi magana a kai ki" ke nufi. Gidanta a kan ɗan tudu yake. In ambaliya ta zo, ruwa ne gabas da yamma, wanda ba shi da jirgi ko gishiri sai ya roƙi a sayo masa. Ba ta ga tana tsayawa a bakin tudu tana ɗaga wa jirgin mijinta hannu ba. In kuwa ba jirgi, sai ta tattara ta koma wurin 'yarta Mwangala a garin Mongu, ɗaki guda a bayan kasuwa, da miji da yara da hayaniyar janareto. Ta taɓa kwana can, ta dawo kanta na sarawa. Ita a nan take so ta tsufa, kusa da gonarta da kabarin mijinta, kuma jirgin nan ne kaɗai zai bar ta ta yi haka.

Ranar Asabar, wadda ita ce ranar ibada a wurinmu, mutane duk suna coci, ta kira ƙawarta Namatama, tsohuwa siririya mai baki, wadda ita ma ta binne miji tun tuni. Suka ɗora turaku da buhuna, Nalishebo ta tsaya a baya da filafili kamar yadda Sikota ya koya mata, suka bi wani siririn mashigi da ya ratsa cikin ciyawa. A wasu wuraren sai da suka sauka suka tura. Mashigin ya kai su wani tafki da bado da kainuwa suka rufe, ba gida ba hanya kusa da shi.

Namatama ta duba hagu ta duba dama. "Nan? Ke Maman Mwangala, kin taɓa ganin namiji ya ajiye jirgi a nan?"

"Shi ya sa na zo."

"Na ɗauka ko za ki tambayi dalilinsu."

"Dalilinsu ƙiwa. Nesa ne." Nalishebo ta zira filafili a ruwa har ya nutse duka, ta zaro ta nuna mata. "Kin gani? Ya shanye ki, ya shanye ni."

"Yau ya shanye mu. Bana ruwan bai ko taɓa gindin mangwaron makaranta ba, kin manta? Ƙaramar ambaliya aka yi."

"Zai kai mu damina."

"To. Jirginki ne, ni 'yar ɗaukar buhu ce."

Suka yi aikin, mata biyu masu furfura, ruwa har wuya, suna haki suna zagin nauyin itacen. Da jirgin ya sha ruwa ya fara sauka a hankali, Nalishebo ta juya baya kamar tana neman turke. Suka danne shi, suka kafa turaku ƙasa da fuskar ruwa don kar ido ya gani, suka ja kainuwa suka rufe wurin. Suka taka zuwa gida cikin taɓo.

Da Mutumba ya turo 'ya'yansa, magidanta biyu, suka tarar da igiya kawai a mashigi. Ya zo da kansa.

"Ina jirgin?"

"Na ajiye."

"A ina?"

"Inda na ajiye."

Wannan karon bai zauna ba, bai kuma yi mata wasan da ya saba ba. "Ni kika ɓoye wa ke nan. To, Allah ya sa kin san ruwan da kika ba shi." Ya tafi, kuma daga ranar gaisuwarsu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Mashigin ya ƙafe ya zama hanyar shanu. Nalishebo takan ɗauki kwando kamar mai zuwa tonon saiwar bado, ta yi doguwar tafiyar nan ta duba. Da fari hankalinta kwance yake. Sai wata rana ta ga kawunan turaku sun leƙo. Ta gaya wa kanta dogaye ta sare su. Da ta sake zuwa, gefen jirgin ne ya fito, baƙi, tsuntsu zaune a kai.

Abin da maza suka sani ita ba ta sani ba shi ne, tafkin nan ba ya shan ruwa ta ƙasa daga kogi. Abin da ambaliya ta zuba masa shi ke nan, rana kuma kullum tana ɗiban rabonta. Ita ba ta taɓa zuwa wurin a ƙarshen rani ba, don lokacin tana gona. Ba wanda ya gaya mata, don ba wanda ta tambaya.

Ta shiga ta gwada tura shi zuwa tsakiya. Ko motsi bai yi ba, taɓo ya riga ya riƙe cikinsa. Ta kwaso laka da hannu ta shafe gefen da ya fito, ta tara kainuwa a kai. Ta dawo gida bayanta kamar zai karye, ta kasa ko tuƙa tuwo, ta sha nono ta kwanta.

Namatama ta bi ta washegari, ta tsaya a bakin tafkin hannu a ƙugu.

"Ki kira ƙanin mijinki. Yanzu taɓon da sauran laushi, shanunsa za su zare shi kafin rana ta take."

"Su zare shi su kai ina?"

"Gwiwar kogi mana."

"Shi ke nan ya tafi."

"Ya tafi da ransa dai. Ke ki bari ya mutu a hannunki don kar ya rayu a hannun wani?"

"Hadari ya fara haɗuwa. Jiya ba ki ga gabas ba?"

"Na gani. Na kuma ga ya watse." Namatama ta sassauta murya. "'Yar'uwa, ni ma na yi takaba, na san abin. Amma wannan itace ne, ba Sikota ba ne."

Nalishebo ta kau da kai. Ta san gaskiya aka gaya mata, kuma ta ji haushin gaskiyar har cikin ranta. Tsoro take ji, da kunya, da wani taurin kai da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Duk ranar da ta ce gobe za ta je wurin Mutumba, sai ta tuna yadda ya zauna a kujerar mijinta yana kallon jirgin, sai ta ce bari a ga jibi.

Ruwan ya ƙare ƙaf. Kifayen da suka rage suka mutu a taɓo, wari ya cika wurin, shamuwa da balbela suka yi biki suka watse. Ta haƙa rami a tsakiyar tafkin, ruwa mai kauri yana tsattsafowa kaɗan kaɗan, tana ɗiba da kwano tana zuba wa jirgin daga kai zuwa gindi. Kafin ta kai gindi kan ya bushe. Ta yanko ciyawa ta yi masa rumfa, iska ta kwashe. Gonarta ta zauna ba shara, maƙwabta suna ta gyaran nasu. Mutane suka fara cewa matar Sikota ta zautu, kullum tana daji da kwano.

Hadari ya haɗu ya yi ta ruri, ya zubar da ruwansa can wajen daji, ya bar mana iska mai zafi. Laka ta daskare ta tsattsage, ta matse jirgin ta kowane gefe.

Wata safiya tana kwashe busasshiyar kainuwa daga cikinsa, yatsanta ya faɗa wani siririn layi a ƙasan jirgin. Ta bi shi da farce, tsawon tafin hannu, sannan ya ɓace ƙarƙashin buhun yashi. Ba ta ɗaga buhun ba. Ta ajiye kwanon, ta kama hanyar gidan Mutumba, ko gida ba ta biya ta wanke ƙafa ba.

Ta same shi a inuwa yana gyaran karkiya. Ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi masa ba, ta tafa hannu a hankali irin na gaisuwar manya, ta sa masa "Bo" na girmamawa a gaban suna.

"Bo Mutumba, jirgin yana tafkin bado. Ruwan ya ƙafe. Ka zo ka ɗauka."

Ya ɗago ya dube ta. "Tafkin bado," ya maimaita. "Tun yaushe ya ƙafe?"

Ta sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba, ya kira 'ya'yansa su ɗaura shanu.

Bai yarda a ja da ƙarfi ba. Suka yi ta haƙa da fartanya a kewaye, suna zuba ɗan ruwan ramin don lakar ta saki, rana na dukan ƙeyarsu. Mutumba da kansa ya shiga ramin yana tono da hannu kusa da itacen don kar ƙarfe ya taɓa shi. Aka zare turaku, aka fitar da buhuna. Shanu suka ja a hankali, jirgin ya fito kan busasshiyar ƙasa. Suka kifa shi.

Tsagar ba tafin hannu ba ce. Daga kai ta taso, ta bi tsakiyar ciki, ta tafi har gindi, a wani wurin yatsa biyu na shiga. Haske yana ratsa ta ya sauka a ƙasa.

"Kwano da kwalta fa?" in ji Nalishebo. Muryarta ta fito ƙanƙanuwa. "Kai ai ka iya faci."

"Gefe ake yi wa faci." Mutumba ya tsuguna ya ɗora tafinsa a kan itacen, ya bi tsagar da hannu a hankali har ƙarshe. "Wannan ciki ne. In kika ɗora masa buhun masara biyu, rabewa zai yi a tsakiyar ruwa."

Ta jira faɗa. Ta so ya yi, ya zage ta a gaban 'ya'yansa, ya kira ta marar hankali, da ta samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da jirgin, ya goge ido da gefen riga, ta ga ashe kuka yake yi. Sai lokacin ta tuna cewa Sikota ba mijinta kaɗai ba ne, wan Mutumba ne.

"Ki kwantar da hankalinki, matar Yaya," ya ce, kuma ba gatse a muryarsa. "Naki ne. Ba wanda zai ƙara yi miki maganarsa."

Iska ta taso da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Nan da 'yan watanni Lyambai zai cika ya shafe tafkin nan da hanyar shanu da gonarta, kuma a jirgin wani za a loda tukwanenta zuwa Mongu. Ta ga abin sarai kamar an riga an yi.

Babban ɗan Mutumba yana riƙe da igiyar shanu, yana jira. Ya yi gyaran murya.

"Inna, ina kike so mu ajiye miki shi?"

Ta dubi fadamar, fili fetal har inda ido ya tsaya. Ko a rana, ko a inuwa, ko a gwiwar kogi, yanzu duk ɗaya ne.

"Ku bar shi nan," ta ce.