Waya Uku a Cikin Bango

"Mai lamba goma sha..."

Ƙit! Muryar Sista ta yanke a tsakiyar magana, karo na uku ke nan tun safe. Mutanen da ke zauren jira na asibitin suka ɗaga kai suka dubi sifikun nan biyu da ke manne a bango, sannan suka juyo gaba ɗaya suka zuba wa Baba Mai Rediyo ido. Wata mata mai goyo ta ja tsaki. Sista ta ajiye abin magana, ta koma kiran lamba da maƙogwaronta, wanda dama ya riga ya dushe.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa da jakar kayan aikinta a kafaɗa. Ta ga yadda Baba, mahaifinta, ya ciro hankici ya goge wuya, alhali fankoki na juyawa. Abin ya sosa mata rai ƙwarai.

Manaja ya fito daga ofishinsa, makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Mutum ne da bai iya magana a hankali ba, ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne.

"Dattijo, na gaji! Ƙarfe biyu shugaban asibiti zai zagayo. In abin nan bai yi magana ba kafin lokacin, wallahi wasu zan kira su fasa bangon su kwashe komai. Na ba ka aikin nan don girmanka, kada ka sa in ji kunya."

"Allon na'urar ne," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan ɗan abin da bai fi biskit ba. Ga wadda ta ba ni shi nan ta iso."

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran rediyo da manyan amfilifaya masu ƙara sauti irin na da, waɗanda sai ƙato biyu sun kama kafin su ɗaga. Shi ya koya wa Auta riƙon ƙarfen dalma na liƙa waya tun kanta bai kai tsawon teburinsa ba. Amma da ƙananan allunan zamani suka cika kasuwa, sai aiki ya bi ta gaban rumfarsa ya wuce zuwa teburin 'yarsa. Shekara biyu ba wanda ya kawo masa ko tocila. Wannan aikin na asibiti shi ne na farko, kuma babu wanda bai ji labarinsa ba a layin masu gyara. Da hannunsa ya ja wayoyin, magina suka bi da filasta, masu fenti suka shafe. In aka fasa bangon nan yau, Auta ta san ba zai sake buɗe rumfarsa ba.

"Ranka ya daɗe, a ba ni wuri in duba," ta ce.

Ta buɗe akwatin da ke ƙarƙashin teburin Sista. Allon na ciki, ɗan kore mai faɗin tafin hannu, irin wanda masu sana'a ke kira kilas-D. Ta ɗora yatsa a kan ƙarfen da ke shanye zafinsa, ta janye da sauri tana yarfe hannu.

"Kai! Wannan ai sai a soya ƙwai."

Ta ciro mita ta auna wutar da ke shiga. Ashirin da huɗu cif kamar yadda ake so, ba ta motsi. Ta kwance wayoyin bango, ta jona wata 'yar sifika da take yawo da ita a jaka, ta kunna waƙa daga wayarta. Minti goma allon yana rerawa, ko ɗumi bai yi ba. Sau biyu dama ta gwada shi a teburinta cikin makon nan, lafiyarsa ƙalau. In ba allon ba ne kuwa, saura bango.

Wayoyi huɗu ne suka fito daga ramin bangon, ja biyu, baƙi biyu, an jera su tsaf irin aikin Baba. Ta ɗora bakin mita ɗaya a kan baƙar farko, ɗaya a kan ta biyu. Mita ta yi tsuwa, alamar a haɗe suke. Ta ɗan jawo su waje a hankali, sai ga ƙulli an naɗe shi da salatif, naɗi mai kyau kamar a ba shi kyauta. Baƙaƙen nan biyu guntaye ne, a kan waya ɗaya suka haɗu. Waya uku ce a cikin bangon, ba huɗu ba.

Ta runtse ido. Wayyo Baba!

A amfilifayar da, baƙar waya ita ake kira ƙasa, ba ta ɗauke da wuta, ko goma ka haɗa wuri ɗaya ba abin da zai faru. Haka Baba ya yi shekara arba'in, kuma daidai ya yi. Amma a wannan ɗan allon baƙar ma da wuta a jikinta, kowane ɓangare da tasa. In ka ƙulla su, ka haɗa ɓangaren hagu da na dama kokawa ke nan. Su yi ta turin juna har allon ya yi zafi, ya kashe kansa don kada ya ƙone.

"Yaya?" Manaja ya leƙo ta saman kanta. "Allo ne ko waya?"

Baba na tsaye a bayansa, ya harɗe hannuwa a baya. Auta ta tura ƙullin cikin rami da babban yatsa.

"A ba ni awa biyu da tebur mai soket," ta ce.

Kafin ta tashi ta gwada jan waya ɗaya, ko za ta zamo a zura ta huɗu. Ko gezau, siminti ya riƙe ta gam. A bi ta saman sabon fenti da wata waya kuwa, daidai yake da a rubuta kuskuren Baba a bango kowa ya karanta. Tunda bango ba zai canza ba, allon ne zai canza.

Aka ba su ɗakin ajiyar fayil, mai taga ɗaya da warin tsohuwar takarda. Ta shimfiɗa tsumma, ta jona ƙarfen dalma, ta kifa allon. Baba ya jawo kujera ya zauna a gefenta yana hura hanci.

"Na faɗa miki tun farko, abin da ba shi da nauyi ba shi da gaskiya. Me za ki yi masa?"

"Sulhu zan yi musu, Baba. Ɓangare biyu ne a ciki, zan mayar da su ɗaya. Kiran lamba ai ba ya buƙatar hagu da dama."

Masu ƙera irin wannan allon sun bar wannan hanyar ga wanda ya san ta. Sai an toshe mashigar sauti ta hagu, an ɗaure ta da ƙasa, sannan allon zai gane cewa yanzu murya ɗaya zai yi. Bayan haka a haɗe mafitar nan huɗu su koma biyu. Faɗa da baki ba wuya. Amma 'yan ƙafafun ƙarfen da za ta taɓa a jikin allon sirara ne kamar gashin gira, kuma a jere suke dab da juna. Ɗigon dalma ɗaya ya zarce, allon ya tafi, kuma ba ta da wani a jaka.

Ta sa tabarau mai ƙara girma, ta kama 'yar waya da hantsaki. Zufa ta gangaro mata ta tsaya a kan hanci. Ta liƙa ta farko. Ta biyu ta zame, dalma ta malala ta haɗe ƙafa biyu da bai kamata su haɗu ba.

"Innalillahi!"

"Kada ki hura," in ji Baba da sauri. "Goge bakin ƙarfen tukuna. Ki kwantar da shi, ki ja waje, dalmar za ta biyo shi."

Ta yi yadda ya ce. Dalmar ta biyo ƙarfen kamar an kira ta. Ta auna da mita, ƙafafun sun rabu. Ta saki numfashin da ta riƙe.

Ta liƙa sauran da waya mai kauri. Da ta zo kan maganar zafi sai ta tsaya tana cizon leɓe, don yanzu sifiku biyu za su rataya a mafita ɗaya, ɗan ƙarfen da ke kan allon ya yi ƙanƙanta. Baba ya buɗe tsohuwar jakarsa ta fata, ya lalubo wani ƙarfen alminiyom mai haƙora, wanda ya ciro daga wata amfilifaya tun Auta ba ta yi wayo ba.

"Ungo. Kullum kuna min dariya ina tara tarkace."

Suka huda shi, ta shafa farin man da ke kai zafi, ta ɗaure da noti biyu. Allon ya koma kamar ɗan yaro sanye da hular babansa.

Ƙarfe ɗaya da kwata suka koma zaure. Auta ta durƙusa, ta murɗe jajayen wayoyin nan biyu wuri ɗaya ta ɗaure a mafita guda, ta ɗaure baƙar a ɗayar. Ta ji idon Baba a kan hannunta. Ya daɗe yana kallon wayoyin, bakinsa na motsi kamar mai lissafi.

Ta kunna. Sifikun suka ɗauki wani gurnani mai kauri, buuuu, har wani jariri ya fashe da kuka. Manaja ya dafe kai.

"Shi ke nan! Da ba ya magana, yanzu kuma ya koma saniya!"

Auta ta shiga bin liƙin da ta yi ɗaya bayan ɗaya da ido, ba ta ga komai ba. Sai ta ji Baba ya yi 'yar dariya, irin wadda ta kwana biyu ba ta ji ba.

"Bar allonki, lafiyarsa lau. Wannan kukan na san shi tun ba a haife ki ba. Sista, miƙo min abin maganar nan."

Ya kwance kan wayar abin maganar. Ga shi kuwa, zaren da ke lulluɓe da wayar ya tsinke daga mazauninsa, saboda yawan ja da aka yi masa tun safe. Ya karɓi ƙarfen dalma daga hannun Auta. Ya ɗora bakinsa a kan wayar. Ɗigo ɗaya, mai sheƙi. Gurnanin ya ɗauke kamar an rufe famfo.

Sista ta gyara murya, ta matso da abin magana a tsorace.

"Mai lamba talatin da bakwai, ɗaki na biyu."

Muryar ta fito tas, ta cika zauren har baranda. Can a kujerar ƙarshe wani tsoho da ke gyangyaɗi ya zabura ya miƙe yana ɗaga takardarsa.

"Ga ni! Ni ne! Yau dai na ji da kunnena!"

Zauren ya kwashe da dariya, mai goyon nan da ta yi tsaki ɗazu ita ta fara tafi. Sista ta kira talatin da takwas, ta kira talatin da tara, har da ƙara wa muryarta yanga. Minti ashirin, rabin awa, Auta na durƙushe da yatsa a kan ƙarfen Baba. Ɗumi kawai, kamar kofin shayin da aka manta. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta, ta yi ta murmushi ita kaɗai a ƙarƙashin tebur.

Shugaban asibiti ya zo ƙarfe biyu da 'yan mintuna, ya tsaya ya saurara, ya gyaɗa kai ya wuce. Manaja ya dawo bakinsa har kunne, ya kama hannun Baba da hannu biyu yana girgizawa.

"Na faɗa musu! Aikin manya daban ne. Ashe duk wannan wahalar allon ne." Ya juyo ga Auta. "Ke kuma nan gaba ki riƙa duba abin da kike ba mahaifinki, kin ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe," ta ce, tana naɗe wayar mita. Ko a jikinta.

Manaja ya koma kan Baba. "Dattijo, sabon ginin sashen yara ma kai za ka ja masa waya. Sati mai zuwa, kafin a yi filasta."

Baba ya zare hannunsa a hankali, ya dubi bangon, ya dubi 'yarsa.

"Manaja, allon nan ba shi da laifi. Ni na ja waya uku inda ake jan huɗu, irin yadda muka saba a da. Yarinyar nan ta gani tun da safe, ta rufa min asiri, ta juya allon ya bi kuskurena." Ya faɗe shi da ƙarfi, har Sista ta juyo. "In za ka ba da aikin, ka ba mu mu biyu. Ni in ja, ita ta faɗa min guda nawa."

Manaja ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya bushe da dariya har makullansa na kaɗawa.

"To, ku zo ku biyun. Ranar Litinin."

Idon Auta ya ciko, ta sunkuya tana neman hantsakin da ke hannunta. Kafin ta ɗago, Baba ya riga ya ɗauki jakar kayan aikinta ya rataya a kafaɗa, a kan tasa.

"Haba Baba, kawo mana. Da nauyi fa."

"Bari," ya ce. "A sana'ar nan mai koyo ke ɗaukar jaka. Wuce gaba."