Allurar Amatullah

Sau uku Uwale ta tsaya tana dafa bango kafin ta kai kasuwar dabbobi ta Dakoro. Jinin da take fama da shi wata bakwai ya sake jiƙa mata zane. Ɗiyarta Amatullah tana biye da ita.

Ta tarar da mijinta, Jimrau, cikin dillalai, yana duba haƙoran wani rago.

"Malam, masu allurar 'yan mata yau za su bar lakwal, makarantar yara. Sun ce sai da yardar uba."

"Bara na ce a'a, bana ma a'a," in ji Jimrau, bai ko ɗago ba. "Kowa ya san haihuwa take kashewa. In kashe ma ɗiyata gida da hannuna?"

"Ka san abin da lokotoro ya ce mini a asibitin Maradi?"

"Kin ce gyambon ciki ne."

"Ƙarya na yi maka!"

Dillalai suka waiwayo. Uwale, wadda ba ta taɓa ɗaga murya gaban maza ba, ta durƙusa cikin kashin awaki.

"Ciwon daji ne na bakin mahaifa. Ya ce na makara. Shi allurar ga take tarewa. Ni tawa ta ƙare, Malam. Kada ka bari in tahi da tsoron yarinyar ga a raina."

Jimrau ya saki ragon. Ya daɗe yana kallon zanenta. Sai ya tare wani mai amalanke, ya ɗauki matarsa cak ya aza.

Sun isa lakwal ma'aikaciyar allura tana ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur.

"Daga shekara tara zuwa sha huɗu muke yi wa," ta ce. "Ita nawa?"

Da daminar nan Amatullah ta cika sha biyar. Bara ce rabonta.

Jimrau ya cire hularsa, yana murza ta.

"Madam, a daji aka haife ta, wajen Tagriss, muna bin shanu. Wa ya rubuta ranar haihuwarta? Ni na hana ta bara. In da laifi, nawa ne."

Matar ta dubi Uwale a kwance bisa amalanke, leɓɓanta fari fat. Ta dubi yarinyar. Ta sa hannu ta fara kwance igiyar.

"Zo nan, ɗiyata. Naɗe hannun rigarki."