Injin Cikar Ruwa a Khumra

A shekarar 1994 ina da shekara ashirin da ɗaya, kuma na riga na bar aiki huɗu. Makaranta ma ban yi nisa ba, don zama wuri ɗaya ciwo yake sa ni. Na yi wankin mota, na yi dako a kasuwar Bab Makka da ke Jidda, na sayar da turare, na yi gadi na sati biyu. Daga nan ne Ummata, Zubaidatu, ta kai ni warshar Baba Maman Lawali, wato garejinsa, a Khumra, kudu da Jidda. Mutumin Damagaram ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana bakanike a jiragen ruwa kafin ya sauka ya buɗe wurin walda da gyaran dinamo.

Ina cikin wata na takwas a wurinsa sai Alkasim, abokina tun muna yara a unguwarmu ta Hindawiyya, ya samo mini gurbi a jirgin ruwa na dakon kaya da yake aiki a ciki. Shafa wa injin mai ne aikin. Wakilin jirgin ya rubuta sunana, kafilina, wanda takardun zamana suke hannunsa, ya yarda ya sake ni, kwana arba'in ya rage mu tashi. Tun da aka haife ni a Jidda ban taɓa wuce Makka ba.

Da na gaya wa Umma ba ta yi faɗa ba. Yayana Abubakar ya tafi Libiya shekara shida da suka wuce, wasiƙa biyu kawai muka gani. Ta ce, “Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri,” ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Kwana biyu bayan haka, muna shan shayin hantsi, Baba Lawali ya fito da wata tsohuwar mujallar Faransanci ya shimfiɗa a kan durom. Akwai hoton wata doguwar katanga da ta tare bakin ruwa.

“Usuman, ka san mene ne wannan?”

“Gada.”

“Gada a gidanku. Baraj ne. Da idona na gan shi a Faransa. Teku ya cika, ruwa ya shiga ta ƙarƙashi ya juya fanka. Teku ya janye, ruwa ya fito ya sake juya ta. Gari guda yana shan kuran, ba fetur, ba hayaƙi.”

Kuran yake ce wa wutar lantarki, irin na mutanen Nijar. Na tambaye shi wa yake tura ruwan. Ya ce watan sama ne, kuma wata ba ya zuwa hutu. Na tambaye shi me ya sa ba a yi a Jidda ba, ga bahar a bayan gida.

Ya ɗaga kafaɗa. “Ba a sami mai kai ba. Mai hannu irin naka, da zai zauna, da ya yi ƙarami an gani.”

Ba a taɓa yabon hannuna ba sai ran nan. Kafin azahar na zana abin da alli a ƙasan warsha: bututu mai faɗi, farfelar tsohon kwalekwale a ciki, bel, dinamon mota, ƙwan fitila ɗaya. Baba Lawali ya buɗe mini ɗakin da yake tara ƙarafa ya ce in ɗauki abin da nake so. Ya ma rage mini aikin mutane.

Ban taɓa riƙe wani abu yadda na riƙe injin nan ba. Walda ta ƙone mini gira ban kula ba. Sau uku na ce mu je bahar mu duba wurin da za mu kafa shi, sau uku yana cewa ya san wurin, in gama tukuna. Ya ce ba a gwadawa sai wata ya cika, lokacin ne ruwa yake hawa sosai. Da cikar wata ta matso sai ya shafa farfelar ya girgiza kai, ya ce fukafukanta sun yi kwance, a sake. Na sake. Cikar wata ta gaba kuwa ta faɗa kwana uku bayan tashin jirgi.

Alkasim ya zo warsha ya same ni cikin baƙin mai.

“Ya majnun, jibi ne fa. Ina jakarka?”

“Ka ce wa wakili zan bi tafiya ta gaba.”

“Saboda wannan bututun masai?”

“Ranar da za ka ji sunana a rediyo ka ce bututun masai.”

“Halas, shi ke nan. In ka zama waziri ka tuna da ni,” in ji shi. Ya tafi bai sha shayin da aka zuba masa ba.

Ranar gwaji muka loda injin a wanet ɗin Baba Lawali, wato motarsa a-kori-kura, da sassafe, muka yi kudu. Ya tsaya a wani ɗan lungu inda ruwa ya kutsa cikin yashi, bakinsa bai fi taku biyar ba. Na cika buhu talatin da yashi na tare bakin, na bar gurbin bututu. Na kafa sanda a ruwa na ɗaura zare daidai inda ruwan ya tsaya. Baba Lawali ya zauna a inuwar mota yana jan carbi.

Na jira. Rana ta hau, na yi azahar a kan kwali, na dawo na duba. Ruwan ya wuce zaren da yatsa huɗu. Bayan awa biyu ya ƙara yatsa biyu ya tsaya. Farfelar ta motsa sau ɗaya, shi ma wani ɗan kifi ne ya bi ta ciki.

Wani dattijo mai kamun kifi ya jawo kwalekwalensa kusa. Ya yi sallama da Hausa mai gauraye da Larabci, ya ce sunansa Abdulghani, kakansa Bakatsine ne. Na yi masa bayanin abin da nake jira. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa.

“Ya waladi, a Jidda? Shekara arba'in ina cikin ruwan nan. Hawansa da saukarsa a rana ba ya wuce taƙi ɗaya. Ko yara sun sani.” Ya leƙa inuwar mota. “Ashe Lawali ne. Kai da ka shiga da jirgi tashar nan sau ɗari, ba ka gaya masa ba?”

Baba Lawali bai ɗago ba. Na je na tsaya a kansa.

“Baba, ka sani?”

“Zauna, ɗana.”

“Ka sani?”

“Na sani. A can Faransa ruwa yana hawa sama da tsayin gida. Nan ba ya yi.”

“Farfelar da ka sa na sake fa?”

“Lafiyarta ƙalau.” Ya sa carbin a aljihu. “Mahaifiyarka ta zo warsha ba ka nan. Ta yi kuka a gaban ma'aikata. Ta ce in yi duk yadda zan yi jirgin nan ya tafi ba kai. Na san in na ce kar ka je, ranar za ka haɗa jaka. Kuma ka duba abin da ka koya a wata guda. Wanda ya haɗa wannan...”

“Kar ka yabe ni,” na ce.

Ya ce in taimaka mu loda injin, ƙarfen zai yi amfani. Ban taɓa shi ba. Na bi titi da ƙafa har wata motar tanki ta rage mini hanya.

Na tarar da Umma tana shanya a saman bene. Ta dubi ƙafafuna da suka yi fari da gishiri, ta gane.

“Ke kika je wurinsa?”

“Ni na je. Kuma da za a sake, zan sake.”

“Da kin gaya mini a fuskata, Umma.”

“Na gaya wa Abubakar a fuskarsa,” ta ce. Ta ɗauki bokitinta ta sauka. Daga ƙasa ta ɗaga murya ta ce akwai abinci a rufe.

Washegari ban je Khumra ba. Na tafi ofishin wakilin jirgi kusa da tashar jiragen ruwa, na zauna a benci har aka kira ni. Ya buɗe fayil ya bi da yatsa.

“Usuman. Kai ne ba ka zo ba.”

Na ce uzuri ne ya taso, amma na shirya yanzu, ko wane jirgi ne, ko wane aiki.

“Sai da muka ɗauki wani a bakin tasha da safen ranar tashi. Wanda ya saɓa mana sau ɗaya ba ma sake rubuta shi.” Ya rufe fayil ɗin ya dubi bayana. “Yalla, na gaba.”

Na fito na tsaya a bakin titi. Motar Hindawiyya ta zo ta tsaya, direba ya yi mini hon sau biyu, ban shiga ba.